Godiya ga Ma'aikatan Shagon Kayan Farauta a Garwa

Assalamu alaikum.

Na rubuta wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in gode wa ma'aikatan shagon kayan farauta mai lasisi da na yi hulɗa da shi a Garwa ta ƙasar Kamaru, musamman dattijon da ke kula da ɓangaren gyara, wanda duk yaran shagon ke kira Baba.

Ina aiki a wani sansanin farauta cikin yankunan da hukuma ta keɓe kusa da gandun dajin Benuwe, kuma ni ke zama da baƙi a teburin saiti, inda ake gwada bindiga a daidaita ta, kafin a shiga daji. A bana bindigar sansaninmu ta fara warwatsa harsashi, har wani baƙo daga Amurka ya ba ni labarin masu gasar harbi daga kan teburi a ƙasarsu, waɗanda ke harba harsashi biyar daga nisan yadi 100, kusan mita 91, su bar abin da ido zai ɗauka rami ɗaya ne. Ya ce sirrinsu shi ne suna ɗura harsashinsu da kansu. Daga nan na shiga neman injin ɗurin.

Wahalar da na sha kafin in iso wurinku ita ce ta sa alherinku ya yi mini girma. Wani ya nuna mini hoto a waya, ya ce in ajiye rabin kuɗi, alhali bai san inda kwanson harsashi ke shiga a jikin injin ba. Wani ya rantse cewa mafi nauyi shi ne mafi kyau. Akwai ma wanda ya rage murya ya ce zai shigo mini da shi ta bayan fage, kuma a cikinsu duka babu wanda ya tambaye ni takarda ko guda.

Baba kuwa takardu ya fara nema, sannan ya ba ni kujera. Ya bayyana mini cewa injin da ke fitar da harsashi da yawa a jere, irin na kamfanin Dillon, na masu neman yawa ne. Mai neman daidaito injin da ke yin aiki ɗaya a kan kwanso ɗaya a lokaci guda yake so, kamar Rock Chucker na RCBS mai kakkauran jikin ƙarfe da ba ya lanƙwasa, ko Co-Ax na Forster wanda ke barin ƙarfen da ke ba kwanson siffa ya ɗan yi wasa har ya daidaita kansa. Ya ce da yawa daga masu gasar ƙaramin matsi na hannu suke ɗauka zuwa fili tare da kayan ɗuri na kamfanin Wilson, kuma harsashinsu, mai suna 6 PPC, wanda wasu Amurkawa biyu, Palmisano da Pindell, suka fito da shi a 1975, ba shi da haɗi da babban harsashi .375 da muke bin ɓauna da shi. Ya mirgina harsashinmu a kan gilashin kanta yana duban tsininsa ko zai yi rawa, alamar ya karkace, bai yi ba.

Sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, ba inji kake bukata ba, kuma tun dokar makamai da harsasai ta 2016 wannan ba abin da za ka taɓa ba ne sai hukuma ta ba ka izini a rubuce." Ya sa tabarau ya duba bindigar, ya gano kusoshin madubin saiti sun saki, bututun kuma jan ƙarfe ya kwanta a ciki. Kuɗin da ya karɓa bai kai na man babur zuwa sansani ba, kuma da muka koma teburi harsasan suka haɗu wuri guda.

Abin da ke damuna shi ne yadda wannan hali ya zama abin mamaki a kasuwanninmu. Daga masu kayan mota har masu magungunan gona, da wuya ka sami wanda zai ce maka ba ka bukatar abin da ka zo saya, kuma idan ka yi tambaya ta biyu sai a ɗaure maka fuska kamar bashi ka zo ci. A harkar da kuskure ke iya cin rai ko ya kai mutum hannun jandarma, wannan sakaci ya wuce a kira shi dabarar ciniki.

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya, ya albarkaci yaran da kake koya wa aiki.

Naku,
Wani ma'aikacin sansanin farauta, Garwa