Dogo, na sayi mota

Damagaram, unguwar Zango

Dogo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutanenmu na Lome. Na san ranka ya ɓaci, kuma kana da gaskiya. Sau uku kana aiko mini saƙon murya a kan filinka na hanyar Tanut, ko ɗaya ban amsa ba. Zan zo kansa a wasiƙa ta gaba. Bari dai in fara sauke abin da ya riƙe ni wata guda cur.

Na sayi mota. Sabuwa dal, mai ƙofa huɗu da bodi a baya, ledar kujerunta ma ban cire ba. Na san yanzu ka tuɓe hula kana fifita da ita, kamar ranar da aka gaya maka amaryarka ta haifi tagwaye. Mayar da hularka, labarin da tsawo.

Tsohuwar ce ta kai ni bango. Bayan girbi ta mutu mini tsakanin Dungas da Magarya, da buhunan riɗi a bayanta, ni da yaron mota muka kwana a daji muna gadin kaya. Karo na huɗu ke nan a shekara ɗaya. Da na dawo Yaya ya kira ni zaure ya ce abin ya isa haka, in nemi wata, zai sayar da shanunsa ya shigo da rabi. Da fari ƴar Kwatano na nufa. To amma kai ka fi ni sanin yadda abubuwa suka koma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023. Kaya sai sun sauka wajenku, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori, su shigo Tera da rakiyar soja kafin su ga Yamai. Tsohuwar mota ta yi tsadar da ba ta cancanta ba, kuma ba ka san wahalar da ta sha a hannun mai ita na fari ba. Yaya ya ce tun da za a sha, a sha da babban cokali.

Gajere ne ya haɗa ni da wani dillali, mutumin garin nan da ke zaune a Yamai. Shi ya kira ni ya ce ya gama magana da wani kamfani, miliyan 19, an riga an biya duwan. Muka tattara miliyan 22 da rabi, da nufin ragowar ta isa takardu da asirans da mai, har a ɗan taɓa jarin wake. Na shiga bas tun kafin asuba, kusan kilomita 900, ban sauka Yamai ba sai da dare ya yi.

Washegari muka je. Dogo, wuri ne mai gilashi ta ko'ina, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Aka kawo mini ruwan gora, wani saurayi mai ɗaure da wuya yana ta Alhaji kaza, Alhaji kaza. Ya buɗe mini motar na zauna, ya tayar da ita, da ƙyar kake jin ƙarar injin. Zuciyata ta riga ta saye ta tun ban fito ba, kuma na tabbata ya gani a fuskata. Sai ya shiga ciki ya dawo da takardar da suke kira faktir porforma. Na sauke ido can ƙasa inda jimla take, na ga 23,919,000.

Na ɗauka kuskure ne. Na ce masa ɗana, ai 19 aka gaya mini. Ya yi murmushi ya ce haka ne Alhaji, ga 19 ɗin nan a layin farko, sauran ƴan ƙananan abubuwa ne da kowa ke biya. Ƴan ƙananan abubuwa, kusan miliyan 5! Na waiwayi dillalin, ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Nan take shanun Yaya suka faɗo mini a rai, har da jar saniyar da Inna ta ba shi tun yana saurayi, wadda ya sa aka ja zuwa kasuwa saboda ya amince da ni. Na ce zan je in yi salla in dawo.

A inuwar masallaci na ɗauki hoton takardar na aika wa ƴarka. E, Uwani, wadda kake goyawa a babur kana kai ta lakkol tana kuka. Yanzu tana shekara ta uku a jami'ar nan ta Damagaram, lissafin kasuwanci take karantawa. Ba a fi minti goma ba ta kira. Ta ce Baba, dubi haruffan da ke gaban 19 ɗin, me ka gani? Na ce H da T. Ta ce ma'anarsa ba a sa haraji ba. Farashin da ke da TTC a gabansa shi ne wanda aka haɗa komai, kuma shi ya kamata a faɗa maka tun a waya. Harajin TVA a ƙasar nan kashi 19 ne cikin 100, a kan miliyan 19 ya kama miliyan 3 da jika 610. Ta ce wannan na gwamnati ne, kada in ɓata yawuna a kansa. Amma layuka huɗun da ke ƙarƙashi, ta ce in tambaye su ɗaya bayan ɗaya: wa zai karɓi kuɗin, kuma wane resi za a ba ni. Duk wanda resinsa na kamfanin ne, to ciniki ne kamar kowane ciniki, ana tayawa. Ta ƙara nuna mini cewa su ma layukan an ɗora musu TVA, jika 209, don haka duk jikar da na kankare, tana tafiya da ƴar rakiyarta.

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ka tuna surutun da aka yi mini a dangi lokacin da na ce za ta wuce jami'a? Kai kaɗai da Yaya kuka tsaya mini. Af, kafin in manta, ɗan Hajiya ta bakin rijiya ya turo a tambaya masa ita. Na ce sai ta gama. Inna ba ta ji daɗi ba, kwana biyu tana amsa gaisuwata a taƙaice, amma ta sauko.

Na koma bayan azahar na ce a kira mini babbansu. Ya fito, dattijo ne mai natsuwa, yana jin Hausa sarai. Na ɗora yatsa a layin farko, kuɗin ajiya, jika 150. Na ce ranka ya daɗe, yau na fara ganin motar nan. Ya ce wata uku ta yi a harabarsu. Na ce ni ma riɗina yana wata uku a sito kafin mai saye ya zo daga Kano, ban taɓa ce masa ya biya mini hayar sito ba, domin kayana ne har ranar da na sallama. Ya yi shiru, ya ɗauki biro ya ja layi a kai.

Na biyu kuɗin kawo mota Damagaram, jika 400. Na ce ba wanda ya roƙe ku, da ƙafata na zo, da hannuna zan tuƙa. Wannan bai yi gardama ba. A kan na uku muka daɗe, wai kuɗin shirya mota, jika 300. Na ce a faɗa mini abin da ake yi mata. Saurayin ya fara lissafi: a wanke ta, a duba mai da ruwa, a gwada batir, a daidaita iskar taya. Na ce to wato in ban biya ba, da datti za ku miƙo mini ita, taya a sace? Wanda ya sayi doki ai ba a cajinsa kuɗin share masa ƙura. Dattijon ya ce tsarin kamfani ne, ba shi ya kafa ba. Na ce na girmama tsarinku, amma kuɗin nan amana ne a hannuna, ba zan koma in ce wa yayana na ba da kuɗin sa guda don a wanke mota ba. Na naɗe takardar na sa aljihu, na yi musu sai an jima.

Kada ka ɗauka da sauƙi na fita. Ƙafata tana tafiya, zuciyata tana can cikin motar. Dillalin ya biyo ni har titi yana cewa na kunyata shi, nan ba kasuwar Dole ba ce da za a tsaya ana albarka, ana ƙara dala. A nan ne, cikin fushi, bakinsa ya suɓuce na gane yana da la'ada a wurinsu, bayan wadda muka yi da shi zan ba shi. Wannan ya fi jimlar takardar yi mini ciwo. Mutumin da na ci tuwo a gidansa daren jiya, ɗan garinmu. Da ya faɗa mini tun farko, ba zan hana shi ba, sana'arsa ce. Na ba shi abin da na yi alkawari, ban rage ko dala ba, na sallame shi. Kada ka tayar wa Gajere da maganar, bai sani ba, kuma ka san shi da ɗaukar abu a rai.

Kwana biyu na yi ina yawo a Yamai. Na je wurin wasu masu sayarwa biyu, kowanne na ce ya rubuta mini farashi TTC, da kashe, wato hatimi, da sa hannu. Ɗaya ya yi ta lallashina in karɓi bashin banki in riƙa biya wata-wata, na ce ni da kuɗin ruwa ba ma haɗa hanya. Ɗayan ya ba ni takarda mai sauƙi kaɗan, sai dai motarsa ba ta iso ba, tana kan hanya daga wajenku, kuma yana son rabin kuɗi a hannu. Cinikin biri a sama ke nan, ban yi ba. Amma takardarsa ta yi mini rana.

Ranar 28 ga wata, ina shan shayi bayan la'asar, sai ga kiran saurayin nan. Alhaji kana gari? Uwani ta riga ta ce mini ƙarshen wata suna son a ga sun sayar, in yi haƙuri za su nemo ni. Na koma na shimfiɗa takardar ɗayan a kan tebur, ban ce komai ba. Aka soke kuɗin shiryawa. Kuɗin dosiye, jika 250, wanda har yau ban ga aikin da ya wuce buga takarda shida ba, aka raba shi biyu. Sannan na taya motar kanta, muka yi ta ja har aka sauke jika 500. Aka sake buga takarda: 22,163,750. Na kira Uwani ta bi lissafin da kanta, ta ce daidai ne. Kafin in sa hannu na ce saura gyara, ko mudun gero ka saya ana yi maka. Dattijon ya yi dariya har da tafa hannu, ya rubuta mini bidanjin farko, wato canjin man inji, kyauta da shimfiɗun ƙafa. Mun rabu da mutunci. Kart giriz da lamba da asirans kuwa da kaina na bi, kowanne da resinsa, suna nan cikin ambulan na damƙa wa Yaya.

Kai da ka taɓa taya raƙumi da kuɗin akuya har mai shi ya bi ka da sanda, na so a ce kana wurin.

Tafiyar dawowa ba zan manta da ita ba. Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, na tsaya Galmi na sayi albasa buhu biyu, ita ce kaya na farko da ta ɗauka. Na kwana Maraɗi don ba na son tuƙin dare, da safe Tasawa, Takeita, sai gida. Yaran unguwa suka biyo ni da gudu tun daga bakin kwalta. Inna ta fito da sandarta ta zagaya motar, ta dafa ta, ta yi addu'a mai tsawo, ta ce a yi sadakar fanke. Da yamma na ɗauke ta zuwa Birni gaida ƙanwarta. Da muka zo wajen tsohon masallacin da ruwan sama ya rusa a Satumban 2024, ta ce in tsaya. Ta daɗe tana kallo ta gilashi, ba ta ce uffan ba. Kai ba ka gan shi ba tun da abin ya faru, ka shirya zuciyarka kafin ka zo.

Ruwan famfo kuwa yana nan yadda ka bar shi, sai tsakar dare yake zuwa in ya ga dama, ƴan ga-ruwa sun ƙara kuɗi. Gazuwal ne da ɗan dama tun ragin da aka yi a Yulin 2024, lita ta koma 618, ko da yake mu da matatar SORAZ ke bayan gidanmu tun 2011 muna ganin ya kamata a fi haka sauƙi.

Abin da ke hana ni barci yanzu garanti ne. Sai da na dawo Uwani ta karanta mini littafin a tsanake. Sharaɗin shi ne duk kilomita 5,000 a yi bidanji a garejin da suka yarda da shi, a buga kashe, in ba haka ba garantin ya faɗi. Garejin kuma yana Yamai. Zuwa da dawowa kusan kilomita 1,800 ke nan, kashi ɗaya cikin uku na tafiyar ya ƙare a hanyar zuwa canjin mai! Ni da nake zagaya Mirya da Matamai da Magarya kowane mako, wata biyu ya isa in cika 5,000. Na kira dattijon, ya ce suna da makanikin da suke aiki da shi a Maraɗi, in kai can ba matsala. Na ce a rubuto mini. Yau kwana tara, takarda ba ta zo ba, kuma mita ta wuce 2,300. Da baki aka ce mini 19, ka ga inda muka kwana, don haka ba zan saki jiki ba sai na riƙe ta a hannu.

Ga abin da nake so ka yi mini. Cikin abokanka masu fitar da motoci a tashar jirgin ruwa, ka tambayi wanda ya san harkar sababbi ko haka sharaɗin yake a ko'ina, kuma ko an taɓa karɓar kashen wani gareji. Ka kuma tambayo mini kuɗin matatar mai da ta iska a can, zan aiko maka hoton lambobinsu. Kada ka taya su irin tayin raƙumi.

Ka gaida amarya da tagwaye, ka ce Inna tana tambayar ko sun fara tafiya. Gobe Alhamis, tun da sassafe zan kai wake Dole, Yaya ya ce shi zai zauna gaba.

Naka,
Na-Zango