Kafin a jona wa Hilux akwatin ƙarin ƙarfi, a fara sayen ma'aunin zafin hayaƙi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin masu a-kori-kura masu shan gazuwal, tun daga Ngaundere, Garwa, Marwa, Kuseri, har a tsallaka gada zuwa Njamena. Mu masu gyaran famfon mai da nozul na injin gazuwal ne. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne 'yan akwatunan nan da ake ta talla a Facebook da WhatsApp, wai da an jona su mota za ta ƙara ƙarfi ta kuma rage shan mai. Wasu na aiki, wasu kuwa roba ce kawai da 'yar fitila. To amma ko mai aikin, ba kowace mota ce za ta iya ɗaukarsa ba a ƙasa irin tamu.

Kafin a yi ciniki, a duba lambar injin. Land Cruiser 79 mai injin 1HZ, wato silinda shida lita 4.2, famfonta ba na lantarki ba ne, babu kwamfutar da ke auna mata mai, don haka babu inda za a jona akwati. Abin da ake yi mata shi ne murɗa sukurun mai na jikin famfo, kuma tunda ba ta da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, iskar da take shaƙa ba za ta ƙaru ba. Sakamakon shi ne baƙin hayaƙi da zafin da ke tsaga kan injin. Hilux mai 5L-E ma ba ta da turbo, abin da za a samu bai kai kuɗin ba. Waɗanda maganar ta shafa su ne injinan Toyota masu turbo da kwamfuta da ake kira D-4D: 2KD mai lita 2.5 da 1KD mai lita 3.0 na zamanin Hilux Vigo, sai 2GD mai lita 2.4 da 1GD mai lita 2.8 da suka fito daga 2015. Na'urorin Amurka irin su Bully Dog da Edge kuwa, galibinsu an yi su ne don manyan injinan Cummins da Duramax da Power Stroke. Kada a yi odarsu saboda an ga bidiyo.

Abin da ke kasuwa iri-iri ne. Akwai wanda ake jonawa a totur. Wannan ba ya ƙara ƙarfin doki ko ɗaya, yana sa mota ta zabura ne da an ɗan taka, kamar an danne totur da yawa. Akwai mai araha, wanda ake sa shi tsakanin kwamfutar injin da na'urar auna matsin mai. Aikinsa yi wa kwamfuta ƙarya: ya ce mata matsin ya yi ƙasa, ita kuma ta umarci famfo ya ƙara. A waɗannan injina mai na tafiya da matsin da ya kai bar (ma'aunin matsi) 1,300 zuwa sama da 2,000, gwargwadon samfuri. Idan aka ɗora a kan haka, bawul ɗin kariya na bututun mai yakan buɗe, fitilar gargaɗi ta kama, mota ta ƙi ja a tsakiyar hanya, nozul kuma su riƙa cinyewa tun lokacinsu bai yi ba. Nan ma asirin "rage shan mai" yake: kwamfuta na lissafi da ƙaryar da aka yi mata, sai allon gaban direba ya nuna lita kaɗan. A cika tanki maƙil, a yi tafiya, a sake cikawa a gidan mai ɗaya, a raba da kilomita, za a ga gaskiya.

Wanda ya fi waɗannan shi ne akwatin da ke sarrafa tsawon feshin nozul tare da matsin turbo, irin Unichip na Afirka ta Kudu, wanda ake saita shi a kan kowace mota daban. Sai kuma sake rubuta manhajar kwamfutar injin kanta. A ganinmu wannan na ƙarshe ya fi, in dai an samu gwani, domin kariyar da kamfani ya sa tana nan tana ganin lambobin gaskiya. In kuma aka faɗa hannun wanda ya kwafo fayil daga intanet, ya fi kowanne haɗari.

Ga inda gizo ke saƙar. Kamfani yakan bar wa injin rara, don ya jure zafi, lodi da mai marar kyau. Duk mai sayar da ƙarin ƙarfi, wannan rarar yake sayar maka. A Turai rarar tana nan a ajiye. A nan kuwa mun riga mun cinye kaso mai yawa daga cikinta: a watan Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa yana wuce digiri 40, kuma iska mai digiri 42 ta fi mai digiri 20 sakayau da kusan kashi 7 cikin ɗari. Ƙurar hunturu ta toshe filtar iska da ramukan lagireto. Motar da aka ƙera don ɗaukar kimanin tan ɗaya, an jibga mata buhunan albasa ko masara har sun haura rufi, ga fasinja a sama. Man da aka ƙara bai samu iskar da zai ƙone da ita ba, sai ya zama zafi a kan fistin.

Allurar zafi ta gaban direba ba za ta faɗa maka wannan ba, domin ruwa take aunawa, kuma kafin ta motsa ɓarna ta riga ta auku. Abin da ake bukata shi ne ma'aunin zafin hayaƙi. Ana huda bututun da hayaƙi ke taruwa kafin turbo, a yi masa zare, a ɗaura tsinken awon. A kwance bututun tukuna kafin a huda, don ɓurɓushin ƙarfe ko ƙwaya ɗaya ya shiga turbo ya isa ya karya fukafukansa. Idan an sa shi kafin turbo, kada a bar allura ta zauna sama da digiri 700. Idan bayan turbo ne, iyakar ita ce wajen 550, saboda hayaƙin ya riga ya huce. A tuna fistin na alminiyam ne, wanda ke narkewa a wajen digiri 660. Abin da ke cetonsa shi ne baƙin man da ake fesa masa ta ƙasa da sabuwar iskar da ke shigowa kowane juyi, kuma wannan ceton yana da iyaka.

Wurin gwaji na gaskiya shi ne hawan falez, wato dogon hawan dutsen nan da ke hanyar Ngaundere, inda mota ke tashi daga kwarin Binuwai mai tsayin wajen mita 200 zuwa tudun da ya haura mita 1,000. A hau da lodi da tsakar rana. In allura ta doshi iyaka, a sauke giya ɗaya a sassauta ƙafa. Injin da ke juyi 2,500 a minti da rabin totur ya fi sanyi a kan wanda aka danne a juyi 1,600 a giya ta biyar.

Maganar mai kuma ba sai an faɗa ba. Gazuwal na jarka a bakin titi yakan zo da ruwa, da yashi, wani lokaci an surka shi da kananzir. Kananzir ba shi da santsin da famfo da nozul ke dogara da shi. Wanda ba shi da makawa sai ya sha irin wannan man, to ya manta da ƙarin ƙarfi, kada garin neman ƙiba a samo rama. Kuɗin akwatin ya sa ƙarin filta mai raba ruwa kafin ta kamfani, ya riƙa tsiyaye ta duk mako.

Wanda motarsa ta cancanta, a yi mata bincike tukuna. A jona kwamfuta a karanta lambar gyaran feshi da kwamfutar injin ke yi wa kowane nozul idan injin yana aiki a tsaye ya yi zafi. A 1KD, lambar da ta wuce 3.0 sama ko ƙasa alama ce nozul ɗin ya gaji. A wannan injin kuma a duba wasar da nozul ke zama a kai: in tana yoyo, hayaƙi na shiga baƙin mai, ya daskare ya toshe rariyar famfon mai a cikin kasko, injin ya ƙone ba tare da sallama ba. An kuma san 1KD da tsagewar fistin idan nozul na feshin banza, ƙarin mai kuwa hanzarta abin yake yi. A wanke lagireto da na'urar sanyaya iskar turbo daga baya zuwa gaba, a tabbata fanka tana kamawa idan injin ya yi zafi, a daina zuba ruwan rijiya.

Shi kuma mai aikin, a tambaye shi abu uku. Zai ajiye maka ainihin fayil ɗin motarka ya ba ka kwafi? Nawa zai ƙara? Shawararmu kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ya wadatar a nan, duk wanda ya yi alkawarin 40 a gode masa a wuce. Sannan da me zai riƙe wutar batir yayin rubutu? Idan wuta ta faɗi ana tsaka da aiki, kwamfutar na iya mutuwa, mota ba za ta ƙara tashi ba sai an nemo wata an haɗa ta da makulli. Masu sabuwar mota su sani cewa taɓa manhaja na zubar da garanti.

Bayan an gama, a gwada kuloci: a giya ta huɗu, a wajen juyi 1,800, a taka totur har ƙasa. In ƙarar injin ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci na zamewa, sai a rage saitin ko a sa mai ƙarfi. A kuma sa wani ya bi motar a baya ya kalli salansa. Ɗan hayaƙi lokacin da aka taka ba laifi, amma in ya ci gaba da tuƙewa baƙi bayan turbo ya kama, man ya yi yawa, a koma wurin mai aikin ya rage.

Wassalam.

Daga wasu masu gyaran injin gazuwal,
Garwa, Jamhuriyar Kamaru