Agogon da anka rubuta ma 50M ba agogon nutso ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya ku da ma'aikata duka.

Abin da ya sa na ɗauko waya na ke rubuto maku, satin da ya wuce ɗan yayata ya zo mini sallama wai za shi Masar hutu shi da amaryarshi, can Sharm el-Sheikh bakin Bahar Maliya, kuma wai har ya yi rajistan koyon nutso da butalin iska. Sai ya miƙo mini hannu yana murmushi ya ce kawu duba, na ma sayi agogon ruwa. Na karɓa na juya bayanshi, an rubuta 50M, jikka 12 ya saye shi a wani shago, mai shagon ya rantse mishi cewa mita 50 za ya shiga da shi ba komi. Wallahi dariya ta kama ni, daga baya kuma tsoro ya kama ni, don na san ba shi kaɗai ba ne, yaranmu da yawa yanzu suna tahiya Dakar da Masar suna ganin hotunan kifi a Facebook suna son gwadawa.

Ni ɗan Tawa ne, ruwan da na sani ina yaro bai wuce tabkin Tabalak ba, shi ma daga baki. Aiki ya kai ni Dakar na yi shekaru, can na koyi nutso wajen tsibirin Ngor da Gore, to abin da na sha wuya na gane shi nake son in faɗa.

Wancan 50M gwaji ne da anka yi ma agogon a masana'anta yana zaune wuri guda, ma'anarshi ka yi alwala ko wanka ko ɗan iyo. Ko da ma bai sha ruwa ba lokaci kawai za ya nuna maka. Abin da mai nutso ke ɗaurawa wata 'yar kwamfuta ce mai kama da agogo, aikinta lissafin iskar azot, wadda 'yan uwanmu na Najeriya ke ce ma nitrojin, da ke shiga jikinka. Duk mita 10 da ka sauka nauyin da ke danne ka na ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya guda, a mita 30 kenan ninki huɗu, kuma iskar da kake shaƙa daga butali kusan kashi 79 cikin 100 azot ce, tana narkewa cikin jini da tsoka. In ka hau a hankali ta fita ta numfashi. In ka yi sama da gudu sai ta yi kumfa a ciki, kaman lemun kwalba da ya sha rana da girgiza bayan kabu-kabu sannan anka buɗe shi gaba ɗaya, daga nan ciwon gaɓoɓi, wani shanyewar jiki, wani sai dai a ce Allah ya jiƙan shi. Maganin kuma ba allura ba ce, sai an sa mutum cikin ɗakin ƙarfe na matsin iska yana shaƙar oksijin awoyi.

Wani likita ɗan Birtaniya, Haldane, shi ya fara fitar da teburin lissafin nan a 1908, kuma da awaki sunka yi gwajin, abin da ya ba ɗan yayata dariya ya ce ashe akuya ta riga shi. Daga baya Bühlmann na Zurich a Suwis ya gyara lissafin, na'urorin yau da yawa da nashi suke aiki. A teburin PADI, ƙungiyar da ke koyar da nutso, mita 18 kana da minti 56, mita 30 minti 20 kacal. Kwamfutar tana sake lissafin duk sanda ka hau ko ka sauka, ta yi maka ƙara in ka cika sauri, ta ƙirga maka minti 3 da ake tsayawa a mita 5 kafin a fito.

To wacce za a saya? Ni dai ra'ayina, mai koyo bai da buƙatar mai tsada. Takardar shaidar koyon nutso ta farko mita 18 ta ba ka, iyakar nutson nishaɗi gaba ɗaya mita 40, irin su Mares Puck Pro ko Cressi Leonardo ko Suunto Zoop duk sun ishe ka, tawa wajen jikka 150 na saye ta kuma har yau tana aiki. Mai kuɗi ya sayi Shearwater ko Garmin, ban hana ba, amma na ga wani ya ɗaura mai launi-launi bai san inda ake duba sauran mintinshi ba, monita, wato malamin nutso, ne ke ta nuna mishi da yatsa ƙarƙashin ruwa. Ka duba lambobin manya ne, don ruwan Dakar wani lokaci duhu gare shi kuma tabarau na yin hazo, mu da ido ya fara gajiya mun san wanga. Ka duba tana karɓar nitroks, wato iskar butali da anka ƙara ma oksijin, don wata rana za ka so shi. Sannan batir, nan ne mu mutanen Yamai ya kamata mu buɗe ido, ka ɗauki wadda kai da kanka za ka canza ma batir, irin faifan nan mai kama da dala, ko wadda ake caji, in ba haka ba ranar da ya mutu sai ka nemi mai tahiya Faransa ka ba shi saƙo. In ka canza kuma ka canza robar murfin tare, ni na yi rowar wagga roba sau guda na ga ruwa na yawo bayan gilashi, sai da na kwana ina shanya ta da fargaba.

Kuma ba a raba ta. Mutum biyu ba su nutso da guda, ba ka karɓar ta abokinka da rana bayan ya shiga da ita da safe, don azot ɗin jikinshi ta haddace ba taka ba.

Amma babban abin da ya tada mini hankali, wanda shi ya sa ma na rubuto, jirgi ne. Ɗan Dakar in ya fito daga ruwa taksi za ya shiga ya tahi gida. Mu ba mu da teku, duk ɗan Nijar da ya je can nutso galibi da jirgin sama za ya komo, kuma iskar cikin jirgi kaman ta saman dutse ce mai tsawon mita 2000 ko fiye, wato kaman ka ƙara hawa ne da sauran azot a jikinka. Ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ta ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso guda, awa 18 in an yi da yawa ko kwanaki a jere, na'urori da yawa ma 24 suke ƙirgawa, za ka ga ɗan hoton jirgi a fuskarta yana rage awoyi. Mu kuwa kun san halinmu, mun biya kuɗi sai mun ci kuɗinmu har ranar ƙarshe. Na tambayi yaron nan tikitinshi, jirgin komowa ƙarfe 2 na dare, nutson ƙarshe da la'asar ɗin ranar. Na ce mishi kai, iya ruwa fidda kai, nan take na sa ya rubuta ma masu makarantar sunka matso da shi kwana guda, ranar ƙarshe su je kasuwa amarya ta sai tsaraba.

Na ɗauko kwamfutar tawa daga cikin akwati na sa mata sabon batir da sabuwar roba, munka zauna tsakar gida bayan isha'i ina nuna mishi maɓalli ɗaya bayan ɗaya, inda zurfi yake, inda minti yake, da cewa in ya taka doka ta kulle kanta kwana guda ko biyu kar ya ce ta lalace ya je ya karɓi ta haya ya koma ruwa. Yayata na gefe tana ta faɗa wai ni na koya ma ɗanta shiga gidan aljannu. Agogon jikka 12 kuma ya bar ma ƙanenshi, yana nan yana zuwa lakwal da shi.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ma jarida albarka.

Wani mai karatunku, unguwar Bukoki, Yamai