A ɗaga darajar sashen kiwon lafiyar jama'a na Jami'ar Legas

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci a kan yadda ake jagorantar koyar da kiwon lafiyar jama'a a Jami'ar Legas, domin mu Hausawan Idi-Araba maƙwabta ne ga Kwalejin Koyon Aikin Likita ta jami'ar da asibitin koyarwa na LUTH, waɗanda aka kafa a 1962.

Wannan fanni ya girmi kwalejin a garin nan. Tun zamanin Turawa, lokacin da annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta addabi Legas daga 1924, Dakta Isaac Ladipo Oluwole ya duƙufa wajen horar da 'yan duba-gari, ya kafa makarantar tsafta a Yaba, kuma a 1936 ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe muƙamin babban jami'in lafiya na Legas. Da aka buɗe kwalejin, Farfesa Oritsejolomi Thomas, wanda likitan tiyata ne, shi ya fara shugabantarta. Amma a ganina wanda ya fi barin tarihi shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara da ya jagoranci cibiyar lafiyar yara ta kwalejin, ya nace a kan cewa riga-kafi da ƙananan asibitocin unguwa sun fi ceton rayuka a kan manyan gine-gine. Da ya zama ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, wannan ra'ayi ya zama ginshiƙin manufar lafiya ta ƙasa ta 1988.

Duk da wannan gado, kiwon lafiyar jama'a sashe ne guda a cikin kwalejin, alhali Jami'ar Ibadan ta mayar da nata cikakkiyar tsangaya tun 2002. Bambancin ba na suna kaɗai ba ne, domin shugaban sashe sai ya bi ta hannun na sama da shi kafin buƙatarsa ta isa inda ake yanke shawara, shi kuwa shugaban tsangaya da bakinsa yake kare kasafinsa da guraben malamansa. Garin da ya daƙile cutar Ebola a 2014 ta hanyar bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar gida-gida ya san amfanin irin waɗannan ƙwararru.

Saboda haka ina kira ga hukumar jami'ar da ta duba yiwuwar kafa wannan tsangaya, kuma duk wanda aka ɗora a kanta ya riƙa zama da sarakunan Hausawa da limaman Idi-Araba, Agege da Mile 12, a kuma ƙarfafa wa ɗalibai masu jin Hausa gwiwar yin aikin horonsu a cikin waɗannan unguwanni.

Wassalam.

Wani mai karatu,
Idi-Araba, Legas