Wasiƙa zuwa ga Nasiru

Nasiru,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya zafin Sakkwato? Mu nan Jos hunturu ya sako mu gaba, ruwan randa ba ya taɓuwa da asuba.

Albishirinka! Daren Juma'a wani mutum ya amsa min daga Italiya ta rediyona na aika saƙo, kuma da Morse muka gaisa, wato haruffan ɗigo da layi da ake bugawa da sauti. Na buga CQ, kiran neman duk mai ji, a zangon mita 20, na biyo da lambar kirana mai farawa da 5N, alamar Najeriya, can sai na ji ana maido min da ita harafi bayan harafi, a hankali, don ya gane sabon hannu ne. Wallahi yatsuna rawa suke a kan maɓallin. Muka faɗa wa juna suna da gari da ƙarfin sigina, ya rufe da 73, sallamar 'yan wannan harka.

Baba Audu ne ya ɗora ni a hanya, tsohon nan na reluwe da ke Bukuru. Ranar farko ya karɓe takardar ɗigo da layin da na zo da ita, ya ce wannan karatun na kunne ne. Wai kamar kalangu, mai saurare ba ya ƙirga bugu, magana yake ji. Da K da M kaɗai ya fara ni, da cikakken sauri, sai sun zauna ya ƙara harafi ɗaya. E ɗigo ɗaya ne, T layi ɗaya, layi kuma tsawon ɗigo uku. Q da Y ne har yanzu sai na nutsu, don ɗaya juyin ɗaya ne.

Na san za ka ce ga WhatsApp. Kai da saƙo ke kwana uku a wayarka ba ka buɗe ba! Gaskiya ne tun 2003 aka daina wajabta Morse ga masu rediyon sha'awa irina a dokar rediyo ta duniya, amma inda murya ta nutse cikin hayaniya shi yana ratsawa, da batir da 'yar wayar eriya a kan bishiya. Abin da ke damuna, Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni, kuma yaran unguwa babu mai zama kusa da shi. Na fara ɗaukar bugunsa a waya.

Af, Halima ta sauka, namiji. Bala kuma ya bar shagon Terminus ya koma sarin dankali a Farin Gada, har tumbi ya ajiye. In za ka zo da Sallah ka taho da takalmin kirki, Dutsen Shere za mu hau da rediyon, kai za ka ɗauki batir.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Sadiƙu