Gyara kan karin maganar Turanci ta kwabo da fam

Ranka ya daɗe Edita,

Muna neman fili mu yi tsokaci kan "penny wise and pound foolish", wadda ɗalibai ke cusawa a rubutun jarrabawa ba a muhallinta ba.

Asalinta daga tsohon kuɗin Ingila ne. Kafin 1971 fam ɗaya sule 20 ne, sule kuma kwabo 12, wato kwabo 240 ke yin fam. Da irin wannan lissafi iyayenmu suka ci kasuwa har zuwan naira a 1973. Karin maganar tana nufin mai ƙwauron kwabo ("penny") wanda ƙwauron ya jawo masa asarar fam ("pound").

Ba kowace asara ake faɗa wa ita ba, nan ake tuntuɓe. Wanda ɓarawo ya yashe ba ya ciki. Dole tsumulmular ce ta haifi ɓarnar. Manomin dankali a Bokkos da ya ƙi sayen maganin feshi da damina, cutar ƙunar ganye ta cinye gonar cikin 'yan kwanaki, shi ake nufi.

A jimla siffa ce, tana bin "is" ko "was". Kuma tilo ake barin kalmomin kuɗin, ba a mayar da su jam'i.

Wasu malaman Turanci,
Jos