Sanarwa ga iyayen ƴan ajin rainon yara kan lokacin hunturu

Assalamu alaikum iyayenmu maza da mata.

Sanyin Gombe ya kankama, kuma hazo kan kai har Fabrairu. Daga Litinin za mu riƙa buɗe aji ƙarfe 8:30 maimakon 8:00, musamman saboda masu tahowa daga Pantami da Bolari a kan babur. A sa musu rigar sanyi da hula da safa, a shafa man kaɗanya a leɓe da ƙafa kafin kaushi ya tsage. Yaron da ke tari ko zazzaɓi a bar shi gida, a kai shi asibiti, a rubuto mana nan.

Zama gida ba ya hana karatu. Hajiya, in kina tsince wake, ba shi guda 10 ya ƙirga, ya ware masu huji. Ya zana baƙi ɗaya a kan yashin tsakar gida da tsinke, ya isa na yini. Da dare a yi tatsuniya, ki tambaye shi me Gizo ya yi. Wannan ya fi miƙa masa waya nesa ba kusa ba. Sai dai a nisanta su da kaskon wuta, kada kuma a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki.

Aikin mako zai riƙa zuwa nan kowace Juma'a.